Kajin gida ko na gona: wanne ya fi kawo mana salmonela?

Uwargida Mai Akurki: Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga likitocinmu da masu gonaki. Wani saƙo yana ta yawo a WhatsApp wai kajin da muke kiwo a gida sun fi na gona haɗarin wata ƙwayar cuta mai suna salmonela, wai har kada a bar yara su riƙa ɗaukar 'yan tsaki. Ni dai abin bai kwanta mini ba. Kazar Hausa a sarari take yawo, ta sha iska ta sha rana, tsaba da ƙwari take ci, babu mai ɗura mata magani. Ta gona kuwa dubu nawa ake cusawa a ɗaki guda suna taka kashin juna? Ta yaya za a ce tawa ce mai cuta? Ko dai masu gonaki ne suka shirya maganar don mu bar kiwo mu koma sayen kiret?

Alhaji Mai Gona: Wa alaikumus salam Hajiya. Mu da tsadar masara da waken suya ta hana mu barci, ina muka ga sukunin shirya saƙo? Amma tunda kin taɓo mu, bari in faɗa. A gonata ba a shiga ɗakin kaji sai an tsoma ƙafa a ruwan magani. Baƙo ba ya shiga ko ɗan'uwana ne. Masu ƙwai a keji suke, kashi ya faɗi ƙasa, ƙwai ya gangaro gaba, ba sa haɗuwa. Allurar rigakafi kuwa da jadawalinta a manne a bango. Taki kazar fa? Da safe tana juji, da rana tana shan ruwan kwata, da yamma ta hau kan tabarmar da kika shanya gero. Iskar da take sha ba ta wanke mata ƙafa.

Uwargida Mai Akurki: Alhaji ai duk da haka ba ta taɓa kwantar da kowa a gidana ba.

Alhaji Mai Gona: Kin dai ce ba ki sani ba, Hajiya.

Likitan Dabbobi: Salam. Kafin a yi nisa, akwai abin da ya kamata a raba, don abubuwa uku ake cakuɗawa da suna ɗaya.

Salmonela dangi ce babba ta bakteriya, ire-irenta sun haura 2,500. Akwai masu kashe kaji su kaɗai, wato Gallinarum da Pullorum. Pullorum ita ce ke kama 'yan tsaki a makonni ukun farko: za ka ga sun takure wuri ɗaya, farin kashi ya manne musu a baya, suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Gallinarum ta fi kama manya, ita ake kira taifod ɗin kaji: zanko ya koɗe, zawo rawaya-rawaya, idan aka buɗe gawar a ga hanta ta kumbura ta sauya launi. Waɗannan biyun asarar aljihu ce ga mai kiwo, amma da wuya su taɓa mutum.

Masu taɓa mutum daban suke, irin su Enteritidis da Typhimurium. Matsalarsu ita ce ba sa sa kaza ciwo. Kaza tana cin abincinta, tana yin ƙwai, gashinta na sheƙi, alhali ƙwayar na zaune a hanjinta tana fita da kashi. Daga kashi ta hau ƙafa, gashi, baki, ɓawon ƙwai, kwanon ruwa, ƙasar tsakar gida. Saboda haka duk wanda ya ce "kajina lafiya lau suke", na gida ne ko na gona, bai amsa tambayar ba. Ido ba ya ganinta, sai gwaji.

Ɗan Kasuwar Rimi: Likita to ta ukun fa? Kuma wannan taifod da ake ta cewa muna da shi duk bayan wata biyu, daga kaza yake kenan?

Likitan Dabbobi: Ita ce ta ukun, Malam. Taifod na mutane Salmonella Typhi ke kawo shi, kuma jikin ɗan Adam kaɗai take zama. Daga bayan gidan mutum take zuwa bakin mutum ta ruwa ko abinci. Kaza ba ta da hannu a ciki. Taifod ɗin kaji ba ya zama taifod ɗin mutum.

Nas Ɗin Yara: Bari in ƙara daga ɓangarenmu na asibiti. Wadda ake ɗauka daga kaji takan nuna alama tsakanin awa 6 zuwa kwana 6 bayan ta shiga ciki: gudawa, murɗar ciki, zazzaɓi, wani lokaci da amai. Babba mai ƙarfi yakan warke cikin kwana 4 zuwa 7 ko bai sha komai ba sai ruwa. Shi ya sa Anti za ta ce ba ta taɓa kwantar da kowa ba. Wa yake zuwa gwajin bayan gida don zawon kwana uku? Sai a ce haƙori ne, ko shawara, ko ya ci wani abu a makaranta. A wurin jarirai da tsofaffi ne abin ke muni, da yaran da tamowa ko zazzaɓin cizon sauro ya riga ya raunana, da masu cutar ƙanjamau, da masu sikila. A irin waɗannan ƙwayar kan bar hanji ta shiga jini. Masu sikila musamman, salmonela sananniya ce wajen kama musu ƙashi. Duk gidan da ke da yaro mai sikila ni ba na wasa da maganar kaji a tsakar gida.

Bakano a Amurka: Ina jin na gane asalin saƙon nan da Hajiya ta gani. Daga nan ƙasar ya fito. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, kusan duk shekara sai ta yi sanarwar ɓarkewar salmonela da ke da alaƙa da kajin bayan gida. A 2020, lokacin kullen korona da mutane suka ruga sayen 'yan tsaki, sun ƙirga mutum 1,722 a duka jihohi 50, aka kwantar da 333, mutum ɗaya ya rasu. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Daga irin waɗannan ɓarkewar ne gargaɗin kada ƙananan yara su taɓa tsaki ya samo tushe. Sai dai ku sani, a nan kaza abin lele ce. Ana ɗaukarta a rungume, a sa mata suna, a shigo da ita falo, har sumbatarta ake yi. Hukumar da bakinta take roƙon mutane su daina sumbatar kaji.

Ɗan Kasuwar Rimi: Sumbatar kaza? Allah Ya kyauta. Mu dai sai da wuƙa muke kusantarta.

Alhaji Mai Gona: To Hajiya kin ji. Ba mu muka ƙirƙira ba, Turawa ne da alƙaluma.

Bakano a Amurka: Alhaji dakata, ban ƙarasa ba. Su waɗannan 'yan tsakin ba daga daji suka fito ba. Daga manyan gidajen ƙyanƙyasa ake turo su shagunan sayar da abincin dabbobi, kuma sau da yawa idan aka bi sawun cutar can take komawa. Wato kajin bayan gidan da ake zargi 'ya'yan gona ne.

Sannan lissafin yana da ɗaya gefen. A watan Agusta 2010 an janye ƙwai sama da miliyan 500 daga kasuwa, daga kamfanoni biyu kacal a jihar Ayowa, Wright County Egg da Hillandale Farms. Mutum kusan 1,900 aka ba da rahoton sun kamu. Da masu binciken hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, suka shiga gonakin, sun tarar da tulin kashin kaji da ya fi tsayin mutum, ɓeraye na yawo, ƙudaje da tsutsotsi ko'ina, an kuma samu ƙwayar har a cikin abincin kajin. Mai kamfanin Wright County da ɗansa kotu ta yanke musu ɗaurin wata uku-uku a 2015. A 2018 kuma aka sake janye ƙwai sama da miliyan 200 daga gona ɗaya a Karolaina ta Arewa. Idan akurkin Hajiya ya kamu, gidanta da maƙwabta ne. Idan irin waɗancan suka kamu, rabin ƙasa ne ke karyawa da ƙwan.

Uwargida Mai Akurki: Allah Ya saka da alheri ɗan'uwa. Alhaji kai ma ka ji.

Alhaji Mai Gona: Wannan ai ƙazantar mutum biyu ce, ba laifin kiwon zamani ba. Kuma ku lura, an gano su, an janye ƙwan, an ɗaure su. Wa zai gano akurki?

Likitan Dabbobi: Alhaji wannan maganar taka ta ƙarshe gaskiya ce a can. A nan fa? Wa ya taɓa jin an janye ƙwai daga kasuwar Kano ko Kaduna? Ƙwanmu ba shi da hatimi, ba kwanan wata, ba sunan gona. Da ya hau motar dila ya gauraya da na wasu, shi ke nan. Ko mutum ɗari suka kamu daga gona ɗaya, a unguwanni daban-daban za su watsu, kowa ya je kemis ɗinsa, babu mai haɗa lissafin.

Kuma ba zato nake yi ba. Masu bincike na cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom sun ɗauki samfur a gonakin kajin ƙwai sama da 500 a sassan Najeriya, aka buga sakamakon a 2017: sama da kashi 40 cikin 100 na gonakin an samu salmonela. Irin da ya fi yawa shi ne wanda ake kira Kentucky. Wannan gonakin kasuwanci ne.

Alhaji Mai Gona: Kashi 40? Likita to ta ina take shiga? Ni fa rigakafin taifod ɗin kaji ba na fashinsa.

Likitan Dabbobi: Ranka ya daɗe, wannan allurar don Gallinarum aka yi ta. Tana ɗan taimakawa a kan Enteritidis saboda dangin kusa ne, amma ba ta rufe sauran ba. Kana kare kajinka daga mutuwa ne, wanda daidai ne, amma mai cin ƙwan lissafinsa daban.

Hanyoyin shiga kuwa, ta farko 'yan tsakin kansu. Yawancin 'yan kwana ɗaya da muke saye a Arewa daga Ibadan da kewayenta ake loda su. Idan iyayen suna ɗauke da ita, ko injin ƙyanƙyasa bai tsarkaka ba, da ita suke sauka daga mota. Ta biyu abinci, musamman garin kifi da garin ƙashi, da duk buhun da aka jibge a ƙasa a sito. Ta uku, kuma wadda na fi ganin ana rainawa, ɓera. Ɓera ɗaya mai ɗauke da ita yana bi ta cikin kwanon abinci da dare yana zuba kashi, kaji su tsince da safe. Ka kwashe kaji duka, ka wanke ɗaki, ka fesa magani, ka zuba sababbi, ɓeran da ke cikin rufi ya dawo musu da ita cikin mako biyu. Ga kuma ƙadangare, wanda babu gonar da ba ya shiga a ƙasar nan, dangin masu rarrafe kuwa sanannu ne wajen ɗaukar salmonela. Ga ruwan rijiya kusa da inda ake zubar da taki. Ga kiret ɗin kwali da ke zagaye daga gona zuwa kasuwa zuwa wata gonar, da busasshen ƙwai da kashi a jikinsa. Kana tsare ƙofa da ruwan magani, kiret yana shiga a kan ma'aikacinka.

Alhaji Mai Gona: Maganar kiret ɗin nan ta taɓa ni. Dilolin ne ke dawo da su, sabo kuma tsada.

Ɗalibar Kimiyya: Likita don Allah tambaya. An ce mana a aji Enteritidis tana iya kasancewa a cikin ƙwan kansa tun kafin ɓawo ya rufe. Haka ne? Idan haka ne ai tsaftar ɓawo ba ta da amfani.

Likitan Dabbobi: Haka ne 'yata. Ta bambanta da sauran domin tana iya zama a mahaifar ƙwai ta kaza, sai ƙwan ya fito da ita a ciki, ɓawonsa fes. Amma ba kowane ƙwai ba, ko daga kazar da ta kamu. Ƙiyasin da Amurkawa suka yi a shekarun 1990 shi ne kamar ƙwai 1 cikin 20,000. Kuma ranar da aka yi shi ƙwayoyin kaɗan ne, farin ƙwai ba ya barinsu su yaɗu. Sai fatar gwaiduwa ta yi rauni su samu shiga, nan ne suke ninkuwa. Zafi ne ke gaggauta wannan. Shi ya sa dokar Amurka ta 2009 ta tilasta wa gonaki masu kaji 3,000 zuwa sama su sa ƙwai a sanyin da bai wuce digiri 7 ba cikin awa 36 da yinsa. To ki kwatanta da kiret ɗin da ke kan teburin mai shago a watan Afrilu, rana na dukansa mako biyu. Tsaftar ɓawo tana da amfani, don mafi yawan abin da ke faruwa a nan ta waje ne, amma tsufan ƙwai a zafi shi ne ke mai da ƙaramar matsala babba.

Mai Shayi Bakin Tasha: Tunda an zo kan ƙwai bari mu masu sana'a mu sa baki. Gaskiya da yawanmu fasasshe muke saye a gona don ya fi araha. Wani ma a leda ake ƙulla shi ruwansa. Ai idan an soya shi ke nan ko? Wuta ba ta bar komai ba.

Nas Ɗin Yara: Malam idan ya soyu har ya daskare, ba sauran ruwa-ruwa, eh. To amma kofin da kake kaɗawa a ciki fa? Tun asuba kofi ɗaya da cokali ɗaya, ba a wankewa, ragowar na ɗazu na haɗuwa da na yanzu har azahar. Hannun da ya fasa ƙwai shi ke yanka burodi. Burodin kuma ba ya hawa wuta. Sannan ga masu cewa a yi musu rabin dahuwa a kan indomi.

Mai Shayi Bakin Tasha: Anti kin san mu da yawa haka? To masu cewa a fasa musu ɗanye a cikin madara ko lemun malt don ƙarin jini fa? Kullum sai na samu.

Nas Ɗin Yara: Wannan ce ta fi ba ni haushi, domin wa ake ba wa? Mai jego, mai ciki, wanda ya tashi daga jinya, yaro mai sikila. Daidai mutanen da ba za su iya da cutar ba. Ɗanyen ƙwai ba ya ƙara jinin da dafaffe bai ƙara ba, hasali ma jiki ya fi amfana da dafaffe. A dafa a ba su.

Uwargida Mai Akurki: Ni nawa ƙwan ina wanke shi tas da ruwa kafin in ajiye, saboda kashin da ke manne masa.

Likitan Dabbobi: Hajiya da kin bari. Ƙwai yana fitowa da wani siririn lulluɓi da ke toshe dubban ƙananan ƙofofin da ke jikin ɓawo. Wanki yana cire shi. Idan kuma ruwan ya fi ƙwan sanyi, abin da ke ciki yakan tsuke ya zuƙo ruwan dattin ta waɗannan ƙofofin. A Tarayyar Turai an hana wanke ƙwan da ake sayarwa a matsayin mai daraja ta ɗaya. Amurkawa suna wankewa, amma da ruwan ɗumi da magani a inji, daga nan kuma firji har ya isa tukunya. Mu da wuta ba ta tsayawa, hanyar Turai ta fi mana. Ki kankare dattin da busasshen tsumma, ki fara cin masu datti, ki riƙa sauya ciyawar wurin da suke yin ƙwai, ki kwashe da wuri. Idan dole sai an wanke, a wanke lokacin da za a fasa.

Ɗan Maraɗi: Salam daga Nijar. Mu nan da damina ƙwan zabi ne ke cika kasuwa, dafaffe ake talla da yaji. Shi ma da matsala?

Likitan Dabbobi: Zabi, agwagwa, talo-talo, tattabara, duk suna iya ɗauka. Dafaffen da ya dahu har gwaiduwa ta yi tauri ba damuwa. Abin dubawa hannun mai ɓarewa da kuma kwana nawa ya yi a tire.

Ɗalibar Kimiyya: Amma akwai inda kiwon zamani ya ci nasara a kan cutar nan, don kada a ce duk ɗaya ne. A Birtaniya, Disamba 1988, ƙaramar ministar lafiya Edwina Currie ta faɗa a talabijin cewa mafi yawan ƙwan da ake samarwa a ƙasar ya kamu da salmonela. Cinikin ƙwai ya faɗi da kusan kashi 60, aka yanka miliyoyin kaji, manoma suka taso ta gaba har ta yi murabus cikin mako biyu. Amma matsalar gaskiya ce. A 1998 suka fito da tsarin hatimin zaki: dole a yi wa kajin rigakafin salmonela, a riƙa gwaji, a buga wa kowane ƙwai hatimi da kwanan wata. Cutar ta ragu sosai, har a 2017 hukumar kula da abinci ta ƙasar ta ce masu ciki da jarirai da tsofaffi za su iya cin ƙwai mai hatimin ko bai gama dahuwa ba. Wannan mai kaji goma a bayan gida ba zai iya ba.

Alhaji Mai Gona: Yawwa 'yata, Allah Ya yi miki albarka. Abin da nake ta faɗa kenan.

Bakano a Amurka: Alhaji abin da ta faɗa ai gona ce da gwaji da hatimi da hukuma a kanta. Kai cikin ukun wanne kake da shi?

Alhaji Mai Gona: Ina da gonar.

Ɗan Kasuwar Rimi: Hahaha. Alhaji ya faɗi gaskiya.

Nas Ɗin Yara: Akwai abu ɗaya da Anti ta faɗa tun farko da ba a ba ta haƙƙinta ba, maganar ɗura magani. Nan kam kazar Hausa ta fi. Mu muke ganin sakamakon a gadon asibiti, yaro ya zo da cuta a jini, a ba da maganin da aka saba ya ƙi ji.

Likitan Dabbobi: Gaskiya ne, kuma kunyar ta sana'armu ce. Tsaki tun ranar da ya sauka ake zuba masa antibayotik a ruwa da sunan rigakafi, ba likita ba gwaji, mai shagon magani ne ke rubutawa. Enrofloxacin da ake saye kamar gishiri ɗan'uwan ciprofloxacin ne da ake ba mutane. Ƙwayar da ta saba da ɗaya ta saba da ɗayan. Amurka ta hana amfani da shi a kaji tun 2005, Tarayyar Turai ta hana zuba antibayotik a abinci don saurin girma tun 2006. Kuma wannan Kentucky da na ambata, akwai reshenta da ya yi suna a duniya wajen ƙin jin ciprofloxacin. Ga kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba cewa kada a sayar da ƙwai ko nama bayan an ba da magani. Wa yake zubar da ƙwan mako guda?

Sai dai Hajiya kada ki yi murna da yawa. Yanzu kiwon gida ba na kakanninmu ba ne. Mata nawa ne a zauren nan ke sayen buroila hamsin ko ɗari don Sallah su zuba a lungun kicin ko ƙarƙashin bene? Tsakin daga gidan ƙyanƙyasa ɗaya da na Alhaji, abinci iri ɗaya, magani iri ɗaya, har jan kafso na mutane ake buɗewa a zuba musu. Bambancin kawai Alhaji nasa suna bayan gari, naku suna taku biyar daga inda ake tuƙa tuwo. A ganina wannan ne mafi haɗari a cikin duka ukun, ya ɗebo matsalar gona ya kawo inda yaro ke rarrafe.

Maman 'Yan Biyu: Innalillahi. Likita kamar gidana kake gani. Nawa a baranda suke, kuma a wurin wanke-wanke nake wanke kwanukan ruwansu. Yaran kuwa ba sa rabuwa da su.

Nas Ɗin Yara: 'Yar'uwa ki raba wurin wankin yau ɗin nan. Bokiti daban, soso daban, a waje. Takalmin shiga wurinsu ya tsaya can. Sabulu bayan duk taɓawa. 'Yan ƙasa da shekara biyar kallo daga nesa ya ishe su. Idan kuma yaro ya fara gudawa, ruwan gishiri da sukari da zinki tukuna. Da kin ga jini a bayan gida, ko zazzaɓi mai zafi, ko ya ƙi shan nono, ko jariri ne ƙarami, asibiti kai tsaye, kada a tsaya kemis.

Uwargida Mai Akurki: To amma fisabilillahi, mu da kaji muka tashi. A ɗakin kakata suke kwana ƙarƙashin gado saboda muzuru da ɓarayi. Ga mu nan da ranmu. Kuma kazar nan ita ce asusun mace a karkara, ita ce kuɗin magani, ita ce ƙwan da yaro zai ci. Kada a tsorata mutane su bar abin da ke rufa musu asiri.

Nas Ɗin Yara: Anti babu mai cewa a bari. Amma "ga mu nan da ranmu" mu da muka rayu ne ke faɗa. Kakanninmu 'ya'ya nawa suka binne da sunan zawon haƙori? An yi wani bincike a ƙauyukan Habasha da ya ba ni sha'awa: yaran gidajen da ke da kaji sun fi girma da kyau, amma inda kajin ke kwana cikin ɗaki ɗaya da mutane wannan ribar takan ɓace. Kuma ba salmonela kaɗai ke cikin kashin kaza ba, akwai kamfilobakta, wadda ita ma babbar mai sa yara gudawa ce. A riƙe kajin, a fitar da makwancinsu waje, a share tsakar gida kafin a sauke yaro, a shimfiɗa masa tabarma.

Baba Mai Lambu: Ni ban da kaji amma ina sayen kashinsu buhu-buhu daga gonaki ina zubawa a latas da kabeji da karas. Wannan fa?

Likitan Dabbobi: Baba idan ɗanye ne daga ɗaki zuwa lambu, to ka kwaso ta ka kai wa mai cin salak, shi kuwa latas ba a dafa shi. Tara shi tudu, ka ɗan jiƙa, ka riƙa juyawa ya yi zafi ya ruɓe sosai kafin ka zuba, kuma a zuba tun wajen gyaran ƙasa, ba ana saura kwanaki a cire ganye ba.

Ɗan Kasuwar Rimi: Ni fa duk wannan gardamar ta gida da gona dariya take ba ni, don a wurinmu suke haɗuwa. Keji ɗaya, ta Hausa a sama, buroila a ƙasa, tsofaffin masu ƙwai a gefe. Wajen masu fiɗa kuma garwar ruwan zafi ɗaya ce tun safe, teburi ɗaya, wuƙa ɗaya, ruwan ɗauraya ɗaya. Ko kazarki daga Makka ta zo, da ta bi ta nan ta zama 'yar gari.

Likitan Dabbobi: Shi ya sa naman kaza ɗanye, ko daga ina yake, a ɗauke shi a matsayin mai ɗauke da ita. Daskarewa a firiza ba ta kashe ta, har da kajin kwali da ake shigowa da su ta ɓarauniyar hanya. Abin da ke kashe ta zafi ne, digiri 74 har tsakiyar naman. Girkinmu na gida, a tafasa sannan a soya ko a yi farfesu, ya wuce haka nesa. Inda ake samun matsala gasasshiyar kaza ta bakin titi da waje ya ƙone jikin ƙashi da sauran ja, da katakon da aka yanka ɗanyen nama a kai aka dawo aka yanka albasa da kabejin da za a ci haka nan.

Alhaji Mai Gona: Likita bar su da kasuwa. Ni idan ina son in san matsayin gonata, me zan kai kuma ina?

Likitan Dabbobi: Kashi daga wurare daban-daban na kowane ɗaki, ƙurar da ke kan keji da fanka, abinci daga buhun da aka buɗe da wanda ba a buɗe ba, ruwa daga tanki, da takardar da ke shimfiɗe a kwalin 'yan tsaki ranar da suka iso. Wannan ta ƙarshen ita za ta nuna maka ko da ita aka sayar maka da su. Asibitin koyarwa na dabbobi na jami'a, kamar na Zariya ko Sakkwato ko Maiduguri, ko ofishin cibiyar Vom mafi kusa da kai. Kira su tukuna su faɗa maka yadda za a ɗauka da yadda za a kai a sanyi. Ka ce a haɗa da gwajin maganin da ƙwayar ke ji. Kuma kada a ɗauki samfur ana tsaka da ba su antibayotik, sakamakon zai yi maka daɗin baki.

Alhaji Mai Gona: Idan ya fito akwai fa? Ba zan yanka kaji dubu uku ba, gara ma in faɗa tun yanzu, babu mai biyana diyya.

Likitan Dabbobi: Ya danganta da irin da aka samu. Kai dai fara da ɓera da kiret kafin sakamako ya fito, waɗannan ba sa buƙatar jiran kowa.

Shugaban Zaure: Jama'a an goge tallan maganin gargajiya na "wanke cikin kaji daga salmonela" da wani ya saka yanzu, dokar zaure ta hana. Masu tambaya a kan farashin tsaki su koma ɗaya zaren. Maman 'Yan Biyu ta turo hoton barandarta tana neman shawarar inda za ta mai da kejin, masu ido a kan gini su duba mata.